Muhawara: Shin cire kalosta ne ke sa mota shan mai, ko laifin man ne?

Malam Hamisu: Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 da nake zuwa Tasawa da ita daga Maradi duk mako. Tafiyar kusan kilomita 120 ce, kuma zuwa da dawowa lita 20 ke isa ta. Tun farkon Disamba sai ta koma cin lita 26, alhali hanya ɗaya ce, kaya ma ɗaya. Abin da ya sauya kawai shi ne an wanke mini radiyato a wani gareji, aka cire kalosta (ƙaramin makullin da ke daidaita zafin ruwan inji), aka kuma haɗa fanka ta riƙa juyawa da zarar an tada inji. Maƙwabcina ya ce nan matsalar take, mai gareji kuwa ya ce man da nake sha ne.

Alhaji Laminu: Wa alaikumus salam. Malam Hamisu, mai garejinka ya faɗa maka gaskiya. Shekara talatin ina harkar sufuri tsakanin Maradi da Yamai, kuma duk motar da ta shigo hannuna kalosta nake fara cirewa, domin an yi ta ne saboda sanyin Turai, ba don garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu ba. Ka bincika inda kake sayen mai. Na kwalba da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a bakin titi, ba kowane ne ake iya rantsuwa ba a gauraya shi da kananzir ba, musamman tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 ribar sana'ar ta ragu.

Sanusi Makanike: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Kalosta ƙaramin makulli ne da ke tsare ruwa cikin inji har sai zafinsa ya kai wajen digiri 82, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa radiyato. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya, ba ya hana sanyaya komai, ko a Maradi ko a Agadas. Idan aka cire shi, ruwa na zagayawa tun daga tashi, injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Ita kuwa kwamfutar motar, muddin na'urar auna zafin ruwa tana gaya mata inji da sanyi, ƙara mai za ta yi ta yi, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci da asuba. Yanzu kuma hunturu muke ciki, Malam Hamisu na fita da sassafe, iska mai sanyi na dukan radiyato, ga fanka ba ta hutawa.

Alhaji Laminu: To, yarona, me ya sa motocina ba su taɓa yi mini haka ba?

Sanusi Makanike: Domin Alhaji ya saba da motocin gazuwal da masu kabireta, waɗanda ba kwamfuta ke auna musu mai ba. Su ma suna asara, sai dai ba ta fitowa fili haka, kuma motar da aka cire wa kalosta tun ranar saye ba ta da lissafin baya da za a gwada ta da shi.

Hajiya Rabi: Ni ba makanikiya ba ce, amma ina riƙe da lissafin motocin shagonmu, kuma ina ganin kun yi gaggawa ku duka. Malam, yaya ka auna lita 26 ɗin? Allurar tanki ba abin dogaro ba ce. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta kilomita, a yi tafiyar, a dawo famfo ɗaya a sake cikawa. Abin da ya shiga shi ne abin da aka ƙona. Sannan da wannan ƙura da muke ciki, ai matatar iska ce abin fara dubawa.

Sanusi Makanike: Hajiya, awon da kika faɗa shi ne daidai. Batun matatar iska kuwa, a mota mai kabireta toshewarta na ƙara shan mai sosai, amma a irin ta Malam Hamisu kwamfuta tana auna iskar da ta shigo ta ba ta mai daidai da ita, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, saboda haka ƙarfi ne ke raguwa fiye da komai. Abin da zan amsa shi ne lita 6 ta yi yawa ga kalosta ita kaɗai. Malam, ka duba kan buji ko ya yi baƙi da kunkunniya, ka auna iskar tayu da safe, sannan bayan tafiya ka kai hannu kusa da kowace ƙafa ka ji ko wata ta fi sauran zafi, alamar birki na riƙewa ke nan. Idan fitilar inji na kunne a tablo, a sa na'ura a karanta lambar matsalar. P0128 na nufin ruwa bai kai zafinsa ba, P0172 kuma mai ya yi wa iska yawa.

Malam Hamisu: Na dawo da bayani bayan kwana tara. Na yi awon Hajiya kafin a taɓa komai, ya ba ni lita 25 da rabi. Allurar zafi kuwa, da na lura da ita, ko kwata ba ta kaiwa har garin Gazawa da ke kan hanyar. An mayar da kalosta sabuwa, an gyara wayar fanka, an kuma tarar birkin baya na hagu yana riƙewa, aka sassauta shi. Tafiyar jiya lita 21 ta ci.

Alhaji Laminu: Madalla, Allah ya tsare hanya. Amma man jiya a ina ka sha?

Malam Hamisu: A gidan mai, Alhaji, domin awon ba ya yiwuwa da kwalba.

Alhaji Laminu: Ka ga ke nan abu huɗu ka sauya, kuma ɗayansu nawa ne.

Hajiya Rabi: A'a, Alhaji, awon farko da ya ba da lita 25 da rabi shi ma da man gidan mai aka cika tankin.

Alhaji Laminu: Aka cika shi a kan ragowar na kwalba, Hajiya. Sanusi, mu haɗu a nan cikin Afrilu, Malam Hamisu ya gaya mana inda allurar zafinsa ta tsaya a cunkoson babbar kasuwa da azahar.