Ina neman auren abokiyar aikina, dokar bankinmu ta tare mana hanya

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum. Shekara 4 ke nan ina aiki a wani banki nan cikin Sakkwato. Akwai wata kashiya da muka fahimci juna tun azumin bara, har kawuna ya je gaisuwa gidansu a Runjin Sambo. Jiya na duba littafin ƙa'idojin ma'aikata, sai na ga dole a sanar da ofishin kula da ma'aikata, kuma mata da miji ba su zama reshe guda. Abin da ya fi damuna, ni ke sa hannu a takardunta kullum in ta rufe lissafi da yamma. In faɗa wa manaja yanzu, ko in bari sai an shafa fatiha? Ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenta biyu.

Baba Tsohon Akanta:
Ɗana, faɗa yau. Bankin bai damu da soyayyarku ba, kuɗinsa yake tsaro. Aikin banki mutum biyu ake ɗora wa: wani ya shigar, wani ya tabbatar, makullin taskar kuɗi ma hannu biyu ke riƙe shi. Ranar da aka samu giɓin ko dubu 20 a akwatinta, masu binciken lissafi suka ga sa hannunka a ƙasa, rantsuwa ba ta fisshe ku. Kuma kar ka yi tsammanin ba a sani ba, maigadi da direban ofis sun riga manaja ji. Ka rubuta takarda, ka riƙe kwafi.

Maman Ikram, Arkilla:
Ni tambaya ɗaya gare ni, malam. Ita cikakkiyar ma'aikaciya ce ko 'yar kwantiragi? Galibi in aka ce ɗaya ya matsa, kowa sai ya juya ya kalli macen, ita da ba ta da gata. Haka aka yi wa ƙawata, tana gida yanzu tana saida atamfa a WhatsApp. Kai ka nemi canjin wuri tun da kai ne babba.

Lauyan Gawon Nama:
Raba ku reshe ba laifi ba ne, kun sa hannu a kai ranar ɗaukar aiki. Amma in aka ce ita ce lalle za ta ajiye aiki don mace ce, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariyar jinsi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na sauraron irin wannan ƙara. A 2012 ma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke ƙa'ida ta 124 da ke tilasta 'yar sanda neman izinin kwamishina kafin ta yi aure.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. Maman Ikram, 'yar kwantiragi ce kuwa. Mun yi magana, Litinin zan kai takarda in nemi a maida ni Birnin Kebbi. Gusau dai ta ce sam, saboda hanya.