Zobe zan sa musu ko ido kawai?

Ɗalibar masters: Jama'a a taimaka, tsuntsayen da nake bi suna renon 'ya'ya a ƙungiya, manya shida ko bakwai a sheƙa ɗaya kuma duk kamarsu ɗaya. So nake in gane wa ke kawo abinci. Wata huɗu gare ni. In kama su da raga in sa musu zobe mai launi a ƙafa, ko in zauna da ido kawai?

Mai kyamara: Ki nemi madubin hangen nesa 8x42, mai arha ma ya wadatar.

Baban raga: Wane mai arha malam, damina ɗaya zai yi hazo. Ƙanwata ni na sa zobe, sati uku ina kafa raga kafin asuba, duk minti ashirin sai na duba kar wani ya galabaita, na samu sha tara. Kafin kaka rana ta cinye launin, ja ya koma kamar ruwan lemo, na wayi gari da tsuntsu biyu masu suna ɗaya a littafina. Rabin data ta tafi, wlh har yau in na ga jan zobe sai raina ya ɓaci.

Mai kyamara: Roba marar kyau ka saya. Nawa shekara uku launi na nan.

Baban raga: Kai da hoto kake ɗauka, ka taɓa cire tsuntsu daga raga?

Anti dakta: Ku bar musu. Ba zobe ba ki da labarin kowa. Binciken tsuntsayen dajin Wytham kusa da Oxford a Ingila tun 1947 ake yi, kuma gane kowane tsuntsu ne ya riƙe shi. Amma ki kiyayi ja, mai bincike Nancy Burley ta nuna matan wani ƙaramin tsuntsu, zebra finch, sun fi son namiji mai jan zobe, kin ga kin shiga harkar aurensu ke nan.

Ɗan zolaya: To a sa min guda biyu don Allah 😂

Ɗalibar masters: Anti ba ni da lasisin sa zobe fa, shi ya sa na ce wata huɗu.

Anti dakta: Au. Sai ki nemi mai lasisi ya kama miki.

Baban raga: Ya kama mata a manta da shi ko? Ni haka aka min, cizon sauro nawa, takarda ta fito sunan supabaiza da wasu uku da ba su taɓa taka dajin ba, ni an jefa ni layin godiya can ƙasa.

Mai kyamara: Kai ka samu godiya. Hotunana ko harafin sunana babu.

Ɗalibar masters: To zoben fa?