Ɗana yana haɗa ƙissoshin annabawa da tatsuniya, yaya zan yi?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai, abin ya fi ƙarfina.

Ɗana shekararsa 11, mayen karatu ne, kuma ni na ƙarfafa masa gwiwa. Bara ya faɗa kan tatsuniyoyin Girkawa, su Zeus da sauran allolinsu. Yanzu in muna karanta ƙissar Annabi Nuhu (AS), sai ya ce ai Girkawa ma suna da labarin ruwan da ya cinye duniya, wani mutum da matarsa suka tsira a cikin akwati, to ta yaya aka san wanne ne gaskiya? Ba raini yake yi ba, da gaske yake tambaya.

Da farko na kwashe littattafan, sai ya koma karantawa a ɓoye a wayar yayarsa. Na mayar masa da su, na ce ya tambayi malaminsa. Aka ce masa waswasin Shaiɗan ne, ya nemi tsari. Tun daga ranar bai sake tambaya ba. Yana salla, yana hadda, amma da na ɗauko zancen sai ya sunkuyar da kai ya ce "to". Wallahi shirun nan ya fi tambayar tayar min da hankali.

Da wane irin bayani zan nuna wa yaro kamar wannan bambancin wahayi da tatsuniya har ya gamsu, ba tare da na raba shi da karatu ba?