Kanwa, Gishiri da Tsalle Bakwai

Maman Hanif, Agege:
Yayyena mata, ku agaje ni,
Goyon wata bakwai na bayana.
Maigida ya sauka daga Kano jiya,
Ban sha komai ba, tsoro ya cika ni.
Maƙwabciya ta ce in dama gishiri,
Wai kofi guda daga ɗaukar ciki zai tsare ni.

Inna Mai Koko, Mile 12:
'Yata, mu a da kanwa muke jiƙawa,
Da lemun tsami, mu sha ba tsayawa.
Wata ta yi tsalle bakwai tana dirawa,
Ta yi fitsari, ta ce ya bi ruwa.
Sai dai fa ni goma sha ɗaya na haifa,
Ki auna zancena kafin ɗaukawa.

Anti Nas, Idi-Araba:
Inna, sha ɗayan nan sun isa shaida,
Kanwa ba ta taɓa tsare kowa ba.
Abin da aka sha hanji yake bi,
Bai san hanyar mahaifa ba.
Ƙofar fitsari daban take,
Tsarki bai kai inda maniyyi ya kai ba.
Yakan kwana 5 a ciki da ransa,
Yana jiran ƙwai, bai gaji ba.
Gishirin nan amai zai sa ki da zawo,
Ga goyo, ba ki ga riba ba.

Amaryar Obalende:
Anti, a layinmu Andrews ake sha,
A kora da Schweppes mai sanyi.
Wata Alabukun, wata Ampiclox,
Kowa da nata, wa ke da gaskiya?

Anti Nas, Idi-Araba:
Amarya, Andrews na ɓacin ciki ne,
Alabukun na ciwon kai da jiki ne,
Ampiclox na kashe ƙwayar cuta ne,
Shansa ba dalili jawo wahala ne.
Na gaskiya levonorgestrel ne,
Postinor-2 a bakin mai kemis ne.
Cikin awa 72 bayan saduwa ake shan sa,
Na yau ya fi na jibi ƙarfi ne.
Fitar ƙwai yake jinkirtawa,
Cikin da ya shiga, ba ruwansa ne.
Mai shayarwa ma tana iya sha,
Ki duba lambar NAFDAC, dole ne.
In kin yi amai kafin awa 2,
Ki sake sha, na farkon ya zube ne.
Akwai roba mai jan ƙarfe da ake sawa a mahaifa,
Cikin kwana 5, aikin asibiti ne,
Ita ta fi duka, ta daɗe tana aiki.
Al'ada in ta makara da mako,
Ki yi gwaji, ba zaman zullumi ba.
Ciwon sanyi da ƙanjamau kuwa,
Ƙwayar nan ba ta tsare su ba.

Maman Hanif, Agege:
Gishirin ya koma tukunyar miya,
Na ɗau mayafi, Hanif na baya,
Kemis na nufa tun rana ba ta yi ba.

Inna Mai Koko, Mile 12:
Ki je, 'yata, Allah ya tsare hanya.
Kanwar tawa ta koma ga wake,
Can dai ba ta taɓa ba ni kunya ba.