Muryar da ba mu san fuskarta ba

Hajiya 'Yar Gwale:
Salamu alaikum. Hunturun bara risho ya kama da wuta a gidanmu, wajen ƙarfe 2 na dare. Wadda ta ɗauki kirana a 112, lambar kiran gaggawa, har yau ban san sunanta ba. Da ita zan buɗe, kowa ya biyo ni da baiti mai amsa-amon "wa".

Dare ya raba, hayaƙi ya turnuƙe soro,
Na danna 112, bakina ya ƙi buɗewa.
Ta ce, "Hajiya, ja numfashi, wace unguwa ce?
Ina kan layi, ba ni da niyyar kashewa."
Na ce lungu ne, ba suna, ba lamba,
Ta ce, "Masallaci ko famfo, da wanne ake ganewa?
Ki fid da yara tukuna, a kashe mita,
Kayan ɗaki ki bar su, ban da komawa."

Ɗan Fagge:
Hajiya, kin sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Da kasuwar Sabon Gari ta ƙone a 2016,
'Yan kwana-kwana muka gani, muna ta yabawa.
Jiniya ta cika gari tun daga Bata,
Wanda ya tashi motar, ba mai tunawa.
Yana can ɗaki da waya manne a kunne,
Shayinsa ya huce, bai sami kurɓawa.

Malam na Kurna:
Ni kukana da mu ne, mutanen gari.

Kiran kyauta ne, ko ba kati yana shiga,
Sai yaro ya mai da shi abin shaƙatawa.
Ya ce gobara a Dorayi, alhali ƙarya,
A can Kabuga kuwa wani gida na cinyewa.
Ɗan adaidaita, in ka ji jiniya ka kauce,
Mai mota, kai ma ba ka fi ƙarfin matsawa.
In hatsari ne a titin Zariya, ga 122,
'Yan kiyaye haɗurra ne ke amsawa.

Mai Aikin Dare:
Iyayena, na gode. Ni ina cikin masu ɗaukar kiran, shekarata ta huɗu ke nan. Da na karanta baitin Hajiya sai da na ajiye wayar na share ido.

Ba ihun ne ke hana ni barci ba, Malam,
Ba zagin mai ruɗewa ba, wannan ina yafewa.
Uwa ta kira, ɗanta ya faɗa rijiya,
Na tura mota, ina ji tana ta kiran sunansa da kururuwa.
Sai layi ya yanke. Wani kiran ya shigo.
An ciro shi da rai? An kai shi Asibitin Murtala?
Ba mai dawowa ya faɗa mini, haka nake wayewa.
Farkon labari kullum a kunnena yake,
Ƙarshensa kuwa sai dai in yi ta zatawa.

Hajiya 'Yar Gwale:
'Yata, ko ke ce ko ba ke ba ce, karɓi ƙarshen nawa.

Yara biyar ne, duk biyar sun fito,
Ɗaki ɗaya ya tafi, sauran an samu kashewa.
Autar da na saɓa a kafaɗa daren nan,
Bana ta shiga aji ɗaya, har ta iya ƙirgawa.