Kofuna biyar na Toyota a Le Mans: jarumta ce ko fage ne babu kowa?

Baban Ummi: Jama'a, maganar da na yi jiya a gareji ban janye ba. Kofunan nan biyar da Toyota ta ɗauka a jere a tseren motoci na awa 24 na Le Mans da ke Faransa, daga 2018 zuwa 2022, ni dai ba sa cika min ido. Audi ta tattara kayanta a ƙarshen 2016, Porsche ta bi bayanta a ƙarshen 2017, sai ga Toyota ta fara cin kofi. Rashin farin wata tauraro ke haske. Ɗan damben da ya fito fage ya tarar babu kowa, ya ɗaga hannu ya zagaya, ai ba za a kira shi sarkin dambe ba.

Oga Bakanike: Baban Ummi, ka taɓa barin inji yana gudu tun daga ƙarfe huɗu na yammacin Asabar har ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi? Zagaye ɗaya na hanyar nan ya haura kilomita 13 da rabi, kuma wani ɓangarenta titin gari ne da ake rufewa saboda gasar. Motar da ta ci a 2018 zagaye 388 ta yi. Lissafa ka gani, ta wuce kilomita 5,000. A wurin nan abokin karawarka na farko agogo ne, na biyu dare, na uku ruwan sama. Sauran motocin daga baya suke zuwa.

Ɗan Auta: Oga, ai agogon nan ga kowa yake bugawa. A 2018 ɗin da ka ambata, motar da ta zo ta uku, ta ƙungiyar Rebellion, zagaye 12 aka ba ta. Wannan ba tsere ba ne, rakiya ce 😂

Kawu Injiniya: Ɗan Auta, shekararka nawa a 2016? Bari in faɗa maka abin da na kalla da idona, don har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. A shekarar Audi na nan, Porsche na nan, babu wanda ya tafi ko'ina. Toyota mai lamba 5 tana gaba, Kazuki Nakajima ke riƙe da sitiyari, an yi awa 23 da kusan minti 55. Sai mota ta rasa ƙarfi. Wani ɗan mahaɗin bututun iska ne tsakanin turbo da na'urar sanyaya iskar ya saki, abin da in a garejin Oga ne ko kuɗin aiki ba zai caje ka ba. Ta lallaɓo ta tsaya daidai kan layin gamawa, a gaban 'yan kallo, saura minti uku da ɗoriya, Porsche ta zo ta wuce ta. Nakajima ya samu ya tayar da motarsa ya ja zagayen ƙarshe, amma ya ɗauki fiye da minti 11, doka kuma ta ce zagayen ƙarshe kada ya wuce minti shida. Ko matsayi na biyu ba a ba su ba, an cire su daga jerin gaba ɗaya. Motar da ta gwabza da Porsche da Audi kusan yini guda cur har ta shige gabansu, ita ce kuke cewa ba ta iya karawa ba?

Baban Ummi: Kawu, da girmanka, amma kai ma ka faɗa da bakinka: ba ta ci ba. A littafin tarihi Porsche aka rubuta. Saura ƙiris ba ya cika buhu.

Kawu Injiniya: Na yarda. Abin da nake nuna maka shi ne gudun yana nan tun kafin kowa ya bar fage.

Hajiya Maman Biyu: Ku bar ni in sa baki, tunda maigidana ya sa mini ciwon kallon nan. Ni abin da ya sa ba na raina su, daɗewar da suka yi suna shan kashi ba su gudu ba. Tun 1985 suke zuwa Faransa. Sun zo na biyu a 1992. A 1994 suna kan gaba dab da ƙarshe sandar giya ta ba su matsala, suka sake zama na biyu. A 1999 Ukyo Katayama yana korar BMW da motar nan GT-One, taya ta fashe masa, na biyu kuma. A 2013 ma haka. Ga Mazda, ƙanwarsu a girman kamfani, ta riga su tun 1991, ta zama ta farko daga Japan da ta ci. Ace ni ce, wallahi da tuni na koma sayar da Hilux ɗina lafiya lau.

Ɗan Auta: Hajiya, wannan ai tarihin rashin sa'a kika karanto mana, ba na nasara ba.

Oga Bakanike: Yaro, ka bar cewa babu abokin karawa kamar kofin a faranti ake miƙawa. Dubi 2017. Kamui Kobayashi na Toyota ya yi zagayen gwaji cikin minti 3 da daƙiƙa 14.791, babu wanda ya taɓa zagaya wannan hanyar da sauri haka. Dare na yi kuloci ya ƙone masa. Motarsu ta biyu ta yi karo ta fita, ta uku ta daɗe a gareji ana gyaran injin lantarkinta na gaba. Porsche ɗaya ma ta mutu tana kan gaba. Saura kaɗan ƙaramar mota ta aji na biyu, ta ƙungiyar Jackie Chan, ta cinye gasar baki ɗaya, ita ta zo ta biyu. Wato in manyan suka yi sake, ƙananan da kuke rainawa su ke kwashe kofin. Toyota ta yi shekara biyar a jere ba ta bari hakan ta faru ba. A 2021 duka motocinsu biyu sun samu matsalar jan mai, direbobin suka riƙa lallaɓa su awa da awanni har suka kai, na ɗaya da na biyu. Ni da nake kwana a ƙarƙashin mota na san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Malam Na Tasha: Ina da tambaya ga Baban Ummi. Audi kofi 13 gare ta. Ukun farko, 2000 zuwa 2002, da wa ta kara? BMW da Mercedes da Toyota duk sun janye daga babban aji bayan 1999. Porsche kofi 19, amma a 1983 motocinta samfurin 956 su suka kama gurbi tara cikin goman farko. Me ya sa ba ka cire musu waɗannan daga lissafi? In za a auna, a auna kowa da mudu ɗaya.

Baban Ummi: Malam, tambaya mai kyau, kuma ga amsa. Audi ta biya bashinta daga baya. Peugeot ta zo da ƙarfinta, suka yi ta gwabzawa daga 2007 zuwa 2011, Audi ta ci huɗu cikin biyar. A 2011 da mota ɗaya tal da ta rage mata ta riƙe Peugeot, tazarar ba ta kai daƙiƙa 14 ba. Wannan shi ne wanke kai. Toyota fa? Ranar da manya suka dawo a 2023, shekarar da gasar ta cika 100, Ferrari da ta yi shekara 50 ba ta shiga babban aji ba ta zo ta ɗauke kofi a zuwanta na farko. Ta maimaita a 2024, ta sake a 2025. To ina jarumtar?

Ɗan Auta: Yawwa Yaya! Nan nake jira a zo.

Kawu Injiniya: Nan kam ka taɓo inda ke min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma a faɗi duka. Ana saura kwanaki gasar 2023 masu shiryawa suka sauya ma'aunin daidaita ƙarfin motoci, aka ɗora wa Toyota nauyin kilo 37, Ferrari 24. Duk da haka tana bin Ferrari a wuya har direbanta Ryo Hirakawa ya zame a kwanar Arnage ya daki shinge, saura ƙasa da awa biyu. A 2024 motarsu mai lamba 7 daga can ƙarshen ajinsu ta tashi, ta gama ta biyu da tazarar daƙiƙa 14 bayan awa 24. Kuma a kakar 2023 tsere bakwai aka yi a gasar duniya da Le Mans ke cikinta, Toyota ta ci shida, da Ferrari da Porsche da Cadillac da Peugeot duk a fage. Kambun kamfanoni na 2023 da na 2024 duk nata ne.

Baban Ummi: Ta ci shida, ta rasa wanda kowa ke kallo. Kawu, wa ke tuna wanda ya ci tseren Bahrain? Kuma maganar nauyi, kowa da nasa aka ɗora masa. In an ci a ce ƙwarewa, in an faɗi a ce kilo 37.

Hajiya Maman Biyu: Ni wanda nake tausayi a duk labarin nan su Kobayashi da Mike Conway da José María López ne. A 2019 su ke gaba, saura kamar awa ɗaya taya ta yi faci, na'urar ta nuna wata tayar daban, aka canza lafiyayyar aka bar mai facin. Sai da suka sake zagayowa a hankali, Fernando Alonso da abokansa na ɗaya motar Toyota suka wuce suka ɗauki kofinsu na biyu a jere. Sai 2021 Allah ya ba su nasu. Ku da kuke cewa babu karawa, a cikin gidan ma akwai ta.

Malam Na Tasha: Wani abin da ba a faɗa ba: da Toyota ita ma ta fice a 2018, babban ajin da babu kamfanin mota ko ɗaya a cikinsa. Ita ta riƙe shagon har aka kawo sabon babban aji na Hypercar a 2021, wanda ya jawo su Ferrari suka dawo. Kuma motocin nan a birnin Kolon na Jamus ake harhaɗa su, ana kashe kuɗi kowace shekara, alhali ana yi musu dariyar suna tsere da inuwarsu.

Baban Ummi: Wannan na ba su, Malam, sun yi gadin gida da kyau. Amma ladan mai gadi daban, na jarumi daban. Ranar da suka doke Ferrari da Porsche a Le Mans, ni zan sayi tsiren kowa a nan.

Oga Bakanike: Na ajiye wannan saƙon. Ɗan Auta kai ne shaida, kuma na rago nake ci, ba na sa ba.

Ɗan Auta: Oga ka fara gama mana kulocin Corollar nan tukuna, yau kwana huɗu ke nan tana wurinka.