Guruf ɗin zumuncin gidanmu na Jos: wai duk yankin da ke son ɓallewa a bar shi ya tafi?

Auta: Slm jama'ar gida. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun jiya da muka yi gardama a majalisarmu ta Bauchi Road. Ni ra'ayina duk yankin da ya ce ya gaji da zama cikin ƙasa kawai a yi musu ƙuri'ar raba gardama su kama gabansu, ko na Kamaru ne ko Biyafara ko Somaliland. Aure ma da Allah ya halatta in ya ƙi daɗi rabuwa ake, balle iyakar da Bature ya zana yana zaune a ƙasarsu. Wlh rabuwa ita ce zaman lafiya, sauran duk asarar rayuka ne

Kawu: Wa'alaikumussalam. Auta misalin auren nan naka bai hau ba. Mace in an sake ta gidan iyayenta take komawa, ƙasa fa ina za ta koma? Tana nan manne da wadda ta rabu da ita, kogi ɗaya burtali ɗaya kasuwa ɗaya. Abin da kake faɗa ai an gwada a Sudan ta Kudu. An yi yarjejeniya a 2005, aka kaɗa ƙuri'a a Janairun 2011 kusan kashi 99 suka ce a raba, ranar 9 ga Yuli aka ɗaga tuta a Juba mutane na kukan murna. Disambar 2013 shugaban ƙasa Salva Kiir da tsohon mataimakinsa Riek Machar suka juya wa juna bindiga, ƙiyasin da aka yi kusan mutum dubu 400 suka rasu. Ga shi rijiyoyin mai suna kudu, bututun da tashar jirgin ruwan suna arewa, a 2012 sai da Juba ta rufe haƙar man gaba ɗaya kan rigimar kuɗin bututu. Yankin Abyei da ke kan iyakarsu kuwa har yau ba a ce ga mai shi ba.

Auta: Kawu wannan ai laifin shugabanninsu ne ba laifin rabuwa ba. Me yasa kullum Sudan ta Kudu ake ɗaukowa? Somaliland fa? Tun 1991 suka ware daga Somaliya suna da kuɗinsu da sojansu suna zaɓe, a 2024 ma ɗan adawa ya kada shugaba mai ci aka miƙa masa mulki lafiya lau, alhali Mogadishu tun 2007 sojojin Tarayyar Afirka ke taya ta gadi, amma Tarayyar ta ƙi amincewa da Somaliland. Dan Allah wannan adalci ne?

Kawu: Ka kawo hujja mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ka duba me ya zaunar da su. Ba sanarwar 18 ga Mayun 1991 ba ce, don bayanta sai da suka gwabza tsakaninsu a Burao da Berbera. Abin da ya ɗora su kan hanya taron Borama ne a 1993, dattawan dangi suka zauna wata da watanni, yawancin ɗawainiyar mutanen gari da 'yan kasuwarsu ne suka ɗauka, ana maganar diyya da rijiyoyi da wurin kiwo da wa zai fara ajiye bindiga, har aka shigar da majalisar dattawan nan da suke kira Guurti cikin tsarin mulki. Ko bayan haka sai da wuta ta sake tashi a Hargeisa aka sake zama har 1997. Sulhu ne ya gina musu ƙasa, da guminsu. Sannan ka tuna garin Las Anod na gabashin yankin a 2023, mutanen can suka ce su ba sa cikin Somaliland, Somaliya suke so, aka yi watanni ana faɗa har sojan Hargeisa suka janye. To su ma a yi musu tasu ƙuri'ar? Duk inda ka yanka akwai ƙaramin da zai ce shi ma bai yarda ba. Ko a nan gida, taswirar Biyafara ta 1967 ai ta haɗa da Ijaw da Ibibio da Efik da Ogoni, kuma da yawansu ba su so ba, shi ya sa Gowon ya yanka musu jihohinsu cikin 12 ɗin da ya ƙirƙira kwana uku kafin sanarwar Ojukwu.

Yaya Babba: Ni ban yi karatunku ba amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Tun 2021 da masu neman Biyafara suka fara tilasta zaman gida duk ranar Litinin a kudu maso gabas mu a Farin Gada muka koma lissafin lodi da kwanakin sati, duk motar tumatir da za ta Onica sai mun tabbatar ba za ta isa Lahadi da dare ba. Akwai ranar da motarmu ta lalace bayan Makurɗi ta ci kwana ɗaya, ta shiga Litinin, direba ya fake ya kashe inji har wayewar Talata, da aka sauke kwandunan ƙasa ruwa kawai suke zubarwa, wari ko'ina. Matar da ta saba karɓar kayana shekara da shekaru ta kira ni tana kuka, ni na yi asara ita ma ta yi don da bashi take juyawa. Ita fa 'yar can ce, ita ake cewa ana nema wa 'yanci. Haka a Kamaru, su ma Litinin ɗin suke rufe gari, makarantu a rufe shekaru. Na je Gembu na ga matansu da suka gudo da yara reras ba boko ba komai. Ni duk wanda zai hana talaka fita neman na cefane ban yarda don shi yake ba

Anti: Yaya Allah ya mayar da alheri. Amma ku yi haƙuri ni nan zan ɗan tsaya bayan Auta, ba wai na yarda a bar kowa ya tafi ba, sai dai Kawu ka fara labarin daga tsakiya. Ba wanda ke wayar gari kawai ya ce zai ɓalle. Ku duba da kyau, kusan ko'ina alkawari aka karya. Iritiriya tarayya aka haɗa ta da Habasha a 1952, Haile Selassie ya rushe tarayyar a 1962, yaƙi har 1991. Sudan an yi sulhu a Addis Ababa a 1972 aka ba kudu cin gashin kai, aka samu sama da shekara goma ba yaƙi, Numeiri ya warware a 1983 wuta ta dawo. Kamaru masu Turancin Ingilishi sun shiga ne a 1961 bisa tarayya, shugaba Ahidjo ya soke ta a 1972. Kuma a 2016 lauyoyi da malaman makaranta ne fa suka fito, kukansu a daina turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci zalla, aka amsa musu da kulki da kamu da yanke intanet na wata uku, sai a Oktoban 2017 aka yi shelar ƙasarsu ta Ambazoniya. Mu ma Aburi fa? Janairun 1967 Gowon da Ojukwu suka zauna a can Ghana aka sha hannu, aka dawo gida kowa da tasa fassarar.

Anti: Sannan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya manufarmu ta waje. Najeriya tun 1984 ta amince da jamhuriyar 'yan Polisario a Yammacin Sahara. Amma Janairun 2018 a nan Abuja aka kama jagoran 'yan Ambazoniya Ayuk Tabe da mutanensa aka miƙa wa Yawunde, wasu ma suna da takardar neman mafaka, kotun tarayya ta ce miƙawar ta saɓa doka, shi kuma can aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2019. Mu da ya kamata mu shiga tsakani, mu da 'yan gudun hijirarsu ke Kuros Riba da Binuwai da Taraba, sai muka zubar da yardar ɓangare ɗaya da hannunmu. Yanzu in mun kira su teburi wa zai zo?

Kawu: Maganar Yammacin Sahara daban ce 'yata. Can mallakar Sifaniya ce da ba a kammala ba ta 'yanci ba, Majalisar Ɗinkin Duniya ma haka ta lissafa ta, kuma tun 1991 aka yi musu alkawarin ƙuri'a har yau shiru. Ƙa'idar da shugabannin Afirka suka ɗauka a Alƙahira a 1964 ita ce kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar 'yanci, ba don iyakar ta yi kyau ba sai don in aka fara gyara ba a san inda za a tsaya ba. Ita muka bi muka sallama Bakassi, kotun duniya ta yi hukunci a 2002, Obasanjo da Biya suka sa hannu a 2006, aka miƙa a 2008, da ciwo amma ba a yi yaƙi ba. Batun kamun Abuja kuwa na yarda da ke, kuskure ne babba. Karya alkawarin ma gaskiyarki.

Auta: To Kawu kaga ka dawo hanyata. In gwamnati ita ce ke karya alkawari kullum, da wane ido za ka kalli mutumin Bamenda can yankin masu Ingilishi na Kamaru ka ce ya ajiye bindiga ya karɓi cin gashin kai? wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai gudu yake

Kawu: Shi ya sa ba a barin alkawari a hannun mai ƙarfi shi kaɗai. Je ka karanta na Aceh a Indunusiya. Tun 1976 suke yaƙin ɓallewa, bayan ambaliyar teku ta Disambar 2004 tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari ya zaunar da su a Helsinki, aka sa hannu 15 ga Agustan 2005. 'Yan tawaye suka haƙura da ƙasa, gwamnati ta ba su kashi 70 na kuɗin mai da gas ɗin yankin, da damar kafa jam'iyyunsu na gida, da afuwa ga fursunoni. Kuma ba a ce kowa ya je ya cika a ɗakinsa ba, masu sa ido daga Tarayyar Turai da maƙwabtan ƙasashe suka zo, bindiga 840 aka karɓa kashi-kashi ana yanka su a fili jama'a na kallo, duk kashin da aka miƙa soja ma su janye wani kashi. Ba a jima ba tsohon ɗan tawaye ya ci zaɓen gwamna. Ka kwatanta da Mali, an tsara yarjejeniya da 'yan tawayen arewa a Aljiyas aka sa hannu a Bamako a 2015 amma aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa har gwamnatin soja ta soke yarjejeniyar a Janairun 2024.

Auta: Na ji na Aceh, ban san shi ba gaskiya. Amma fa sai da teku ta cinye mutane sama da dubu ɗari kafin zukata su yi laushi. Biya kuma tun 1982 yake kan kujera, wa zai tilasta masa? Ni kan Kamaru dai ban sauka ba

Gwaggo: Ni ce Gwaggo, jikata ke rubuta min. Tun ɗazu ake karanto min sunayen garuruwan da ban sani ba, amma rabuwa na san ta. Auta ba a haife ka ba a 2001. Shekara 14 muna Jenta, katanga ɗaya da wata mata Kirista, in na tafi kasuwa ita ke duba min yara, ranar Kirsimeti ta aiko da shinkafa ranar sallah in aika mata nama. Ranar Juma'ar nan 7 ga Satumba da rikici ya ɓarke a Jos a ɗakinta muka kwana ni da yara huɗu, ta sa mu bayan labule ta zauna bakin ƙofa da tiren gyaɗarta kamar ba komai. Da muka fita ba mu ƙara kwana unguwar ba. Keken ɗinkina ta ajiye min ƙarƙashin gadonta kusan shekara, ta lulluɓe shi da zaninta, har mai ta riƙa ɗiga masa kar ya yi tsatsa. To mun rabu ɗin ai, su can mu nan, ba wanda ya zana layi amma kowane mai keke ya san inda zai ce Hajiya nan zan tsaya. Kuma rabuwar ba ta hana rikicin 2008 ba, ba ta hana na 2010 ba. Abin da ke ban tsoro ku yaran yanzu, kai ba ka da aboki ko ɗaya a can, jikokinta ba su da ko ɗaya a nan, in an ce muku ga abin da suke shiryawa ba wanda za ku kira ku tambaya.

Anti: Gwaggo wlh kin sa ni hawaye a ofis. Ban taɓa sanin labarin keken nan ba, shi ne wanda ke ɗakinki har yanzu?

Gwaggo: Shi ne. Tana nan da rai, ƙafa ce ta hana ta fita, rabona da ita tun bikin autarta. Auta ran Asabar ka zo da mashin ka kai ni, kuma ba ajiye ni za ka yi a bakin titi ba, tare za mu shiga ka gaishe ta.

Auta: To Gwaggo in sha Allah, ƙarfe goma ina ƙofar gida

Yaya Babba: Ku biyo ta Farin Gada in haɗa mata kwandon tumatir da dankali